Janareta, inbata ko sola: wanne ya dace da gidanka da shagonka a Kano?

Wanda ya yi azumi a Kano cikin Maris ko Afrilu ba sai an gaya masa darajar fanka mai juyawa da ƙarfe biyun dare ba, ya kuma san yadda kuɗin ƙanƙara ke tashi da la'asar sakaliya. Shi ya sa yau idan ka hau bene a Hotoro ko Rijiyar Zaki ka dubi rufin gidaje, za ka ga fanel sun yi baƙi a kan kwano gida bayan gida, abin da shekara goma baya sai gidan wane da wane. Abu uku suka koro mutane. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce dubu. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi daɗewa, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit, daga baya ya sauko zuwa kusan 209. Sai Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako a duhu.

Tambayar da ake yawan zuwa mini da ita ita ce, "Malam, nawa ne sola?" Daidai take da ka shiga Kantin Kwari ka ce nawa ne shadda. Wace iri, yadi nawa, wa zai sa? Akwai solar da ba ta wuce kuɗin wayar hannu ba, akwai wadda ta fi kuɗin mota. Kuma akwai wanda idan aka zauna aka yi masa lissafi, ba sola ce ta dace da shi ba tukuna.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, amma kuɗi iri biyu ne: na ranar saye da na riƙo. Janareta mai sauƙin saye ne mai wuyar riƙo, sola kuwa akasin haka. Na biyu ƙarko, kuma ƙarko a zafin Kano nake nufi, ba wanda aka rubuta a jikin kwali ba, don alƙaluman kwali a ɗaki mai sanyin digiri 25 aka gwada su. Na uku sauƙin aiki: idan ka yi tafiya, uwargida da yara za su iya da shi? Idan ya lalace, akwai mai gyara a unguwa? Na huɗu haɗari, daga gobara da hayaƙi zuwa kayan jabu. Akwai kuma tambayar da ke yanke hukunci tun kafin a fara: gidan naka ne ko na haya?

Amma ma'aunin da ya fi duka nauyi shi ne wutar da kake ci daga magariba zuwa hantsi. Rana a Kano ba ta ƙaranci. Abin da kake biya da tsada shi ne ajiye wutar rana zuwa dare.

Ɗauki takarda. A ce kana da fankar sama uku masu wat 75, suna aiki awa goma: wat 2,250 ke nan. Ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa biyar, 300. Talabijin da dikoda wat 100 na awa huɗu, 400. Cajin wayoyi 50, rabon firji na dare kamar 600. Jimla 3,600, wato yunit uku da rabi da ɗan ɗoriya, don yunit ɗaya shi ne wat dubu na tsawon awa ɗaya. Inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da wayoyin wuta su ma suna cin nasu, don haka ka ƙaddara yunit huɗu da 'yan kai. Riƙe wannan adadi, da shi za mu yi ta aiki.

Ka lura fanka ce ta cinye kusan kashi biyu cikin uku. Idan ka canza fankokin nan uku da masu tsimin wuta, masu wat 30, lissafin dare ya faɗo zuwa yunit biyu da rabi. Kuɗin fanka uku bai kai kuɗin batir biyu ba, ga shi sun rage maka batir biyu. Da wuya mai sayar da batir ya gaya maka wannan.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne girman inbata. Sai ka ji mutum yana cewa ya sa "mai kVA biyar", wato ma'aunin nauyin da take iya ɗauka, yana zaton hakan na nufin wuta har safe. Ka ɗauka batir randa ce, fanel ɗan ga-ruwa ne mai cika ta, inbata kuwa moɗa ce. Girman moɗa yana nuna yawan ruwan da za ka ɗiba a tashi ɗaya, ba ya ƙara wa randa ko ɗigo.

Janareta

Shi ne mafi arha a ranar saye idan aka dubi nauyin da yake ɗauka, kuma kusan kowace unguwa akwai mai gyaransa. Yana tayar da famfon burtsatse, yana jan dutsen guga, bai damu da hazo ko hadari ba. Ciwon yana wajen mai. Janareta mai kVA biyu da rabi yana shan kusan lita guda a awa idan aka ɗora masa kaya. A ce lita naira 900 ce, kai ka sa farashin da ka saya yau. Awa biyar kowane dare naira 4,500 ke nan, 135,000 a wata, miliyan ɗaya da dubu 620 a shekara, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin mai gyara. Kuma da wannan kuɗin duka, ƙarfe goma sha ɗaya za a kashe shi a kwana cikin zufa. Lita ɗaya yunit ɗaya da rabi zuwa biyu take bayarwa, don haka kowane yunit yana tsaya maka naira 450 zuwa 600, ninki biyu ko fiye na wutar rukunin A da ake kuka da ita.

Haɗarinsa ba na wasa ba ne. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci idan aka kunna shi a zaure ko kusa da taga. Ga ajiyar fetur a gida, ga ƙara mai ɓata maƙwabtaka. Duk da haka ban ce wanda ke da shi ya sayar ba. Ranar da za a yi aikin walda a gida, ko Agusta ta yi kwana uku babu rana, za ka neme shi.

Ƙaramar sola ta akwati

Ita ce mai ɗan fanel guda, da akwatin batir, da fitilu uku ko huɗu, da wajen cajin waya, manyan cikinsu har da fanka da talabijin. Kamfanoni irin su Sun King da d.light ke sayar da su ta hannun wakilai, ka biya kafin alƙalami sannan ka riƙa biya mako-mako ko wata-wata. In ka biya a turo maka lambobi ka danna ta buɗe, in ka yi jinkiri ta kulle kanta. Idan ka gama biya ta zama taka.

Babu injiniya, babu fasa bango, kuma ranar tashi daga gidan haya a buhu ɗaya za ka ɗauke ta. Haɗarin gobara kaɗan ne ƙwarai, don wutar ba ta da ƙarfi, kuma tana zuwa da garantin kamfani, wanda ba ƙaramin abu ba ne a kasuwar nan. Iyakarta a fili take: ba ta ɗaukar firji irin na gida, balle famfo, kuma yawanci kayan kamfaninta kawai take karɓa. Kafin ka sa hannu, haɗa kafin alƙalamin da duk biyan da za ka yi har ƙarshe, ka gwada da farashin kuɗi hannu. Tazarar kan yi yawa, kuma wanda zai iya jira ya kwashi adashi ya saya lokaci guda ya fi samun sauƙi.

Inbata da batir, babu fanel

Nan wutar KEDCO ce ke cika batir, idan an ɗauke inbata ta karɓa. An raba masu amfani da wuta rukuni biyar: A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Wanda layinsa ke samun awa goma sha biyu ko fiye a zahiri, wannan hanya ta ishe shi, ya huta da kuɗin fanel da hawa rufi. Ta dace da mai haya a bene wanda rufin ba a hannunsa yake ba.

Sai dai ka san abu biyu. Bil ɗinka zai ƙaru, don idan ka zuba yunit goma a batirin tubula, wato mai ruwa da dalma a ciki, bakwai zuwa takwas ne za su dawo maka. Sannan ranar da tiransifomar unguwa ta ƙone, ko aka maimaita irin ta Oktoban 2024, kai da wanda ba shi da komai kun zama ɗaya tun daga dare na biyu. Batirin tubula da aka bari a sauke kwana da kwanaki kuwa ba ya komawa yadda yake. Shawarata, ko da fanel ba ya cikin lissafinka yau, sayi inbata mai haɗe da kwantirolar sola a cikinta, wato abin da ke daidaita cajin batir daga fanel, domin ranar da hali ya samu fanel kawai za ka ƙara.

Cikakkiyar sola

Nan ne kuɗi ke shiga miliyoyi, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Kayan huɗu ne: fanel, inbata, batir, da aikin haɗawa. Farashinsu da dala yake tafiya, saboda haka ka zaga shago uku a France Road da cikin Sabon Gari, kowa ya rubuta maka kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa, kada ka yarda da jimla a dunƙule.

Fanel shi ne mafi daɗewa, masu kyau suna zuwa da garantin shekara 25. A ranar Kano, fanel mai wat 550 yana tara yunit biyu da ɗan ƙari a yini. Gidan da muka yi wa lissafi yana bukatar yunit huɗu na dare da kamar uku na rana, don haka fanel uku sun yi daidai wa daida, huɗu ne kwanciyar hankali. Dalilin ƙarin shi ne lokutan da rana ke yin rowa: hadarin Agusta da ƙurar hunturu. Har zafin Afrilu ma yana rage masa ƙarfi, don fanel haske yake so ba zafi ba, kuma duk digiri goma da ya ƙaru a jikinsa yana zubar da kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari. A bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta riƙa wucewa. A fuskantar da shi kudu, a ɗan kishingiɗa shi digiri 10 zuwa 15. Wanda aka shimfiɗa a kwance ƙura yake tarawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu a wanke shi duk mako, da sassafe ko da yamma, kada a watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi da tsakar rana. Kuma tun wajen ɗaurawa ka tambayi kanka wa zai riƙa hawa, ta ina.

Jabu ya yi yawa a fanel, don liƙa takarda ba wuya. Je da tef ɗin awo. Mai wat 550 na gaske tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya. Idan aka nuna maka ɗan madaidaici da wannan lamba a bayansa, ka yi sallama.

Yanzu ga inda akasarin masu tambaya ke tsayawa: tubula ko litiyam?

Batirin tubula mai bolt 12 da amf 220 yana ɗauke da yunit 2.6 a rubuce, amma rabin nan kawai ya kamata ka taɓa, wato 1.3. Ka wuce haka kullum, ka rage masa kwana. Gidan misalinmu sai da guda huɗu. Batirin litiyam, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, mai yunit biyar, za ka iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, yunit huɗu da ɗoriya ke nan daga akwati ɗaya. Don haka gwajin adalci ba tubula ɗaya da litiyam ɗaya ba ne, tubula huɗu ne da litiyam ɗaya, kuma idan ka yi shi haka a kasuwar yanzu za ka tarar kuɗin bai yi nisa da juna ba. Wajen ƙarko kuwa ba a haɗa su: tubula mai kyau yana yin caji da saukewa sau dubu zuwa dubu da ɗari biyar, litiyam sau dubu uku zuwa sama. Kafin litiyam ɗaya ya gaji, ka sayi tubula zubi biyu ko uku.

Ni da kuɗina na koyi wannan karatu. Wanda ya fara haɗa mini ya dubi gidan ya ce, "Alhaji, mu sa su a sito, ba za su tare muku wuri ba." Siton nan rufin kwano ne babu silin, babu taga. Ban san cewa duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba rayuwar irin wannan batir gida biyu ba, shi ma bai gaya mini a riƙa duba ruwansu ba. Bazara biyu ba su cika ba, fanka ta fara tsayawa ƙarfe ɗayan dare. Laifin rabi nasa, rabi nawa da na zaɓi wanda ya fi kowa sauƙin kuɗin aiki. Araha ba ta ado.

Tubula yana da inda ya fi. Ana iya farawa da guda biyu idan aljihu bai kai ba, kowane mai gyara ya san shi, kuma ko ya mutu masu sayen tsohon batir za su ba ka wani abu saboda dalmar cikinsa. Amma yana son hidima: a duba ruwa duk wata, a zazzafar bazara ma fiye da haka, kuma ruwan batir za a zuba, ba na leda ko na rijiya ba. Yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu. Kada kuma a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. In kana son gane na gaske, ɗaga shi: mai amf 220 ya kai kilo 60, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa da wasa.

Litiyam ba ya bukatar ruwa, ba ya wari, yana cika da wuri, wanda ke da amfani sosai ga mai samun wutar layi ta awa uku ko huɗu. Haɗarinsa na kasuwa ne. Akwai masu tattara tsofaffin ƙwayoyin batir su sa a sabon akwati, ido kuma ba ya ganewa. Kariyarka ita ce dila mai shago tsayayye, da rasit mai lambar batirin, da garanti a rubuce wanda ya faɗi inda za a kai shi idan ya samu matsala. Ka kuma tabbatar inbatarka ta san yaren litiyam, don wasu tsofaffin inbata cajin tubula kawai suka iya. Shi ma a nema masa wuri mai inuwa da iska.

Aikin haɗawa kuwa, a nan gobara take. Siririyar waya, ko ta alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe, tana zafi har ta narke. Ka nace a sa birekar da aka yi don wutar batir da fanel, a binne ƙarfen at mai zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, a sa abin kare tsawa. A ɗaure fanel da ƙarfe da noti a jikin katakon rufi, ba da wayar ɗauri ba, don guguwar farkon damina ba ta tambaya. Idan kwantirolar daban take, irin da ake kira MPPT ta fi wadda ake kira PWM tatsar fanel, kuma bambancin kuɗin yana dawowa.

Batun na'urar sanyaya ɗaki gajere ne: mai doki ɗaya, ko da mai tsimin wuta ce, za ta iya cin yunit biyar a dare guda na bazara. Ita kaɗai tana bukatar nata batirin da nata fanel biyu ko uku.

Solar rana zalla

Mutane ba su cika tunawa da wannan ba, alhali ita ta fi kowacce saurin mayar da kuɗi. Idan aikinka na rana ne, me ya kai ka sayen randa? Famfon burtsatse mai aiki kai tsaye da fanel yana cika tanki daga hantsi zuwa la'asar, tankin ya zama shi ne ajiyarka. Firizar sola tana daskarar da kaya da rana, ta riƙe sanyi da dare idan ba a yawan buɗe ta. Tela ko mai kemis da ke rufe shago da magariba fanel masu yawa yake bukata da ƙaramin batir na riƙe wuta idan gajimare ya gifta. Kaya kaɗan, lalacewa kaɗan. Aibinta ɗaya ne, rana ta faɗi aiki ya tsaya.

Wutar haɗaka ta kasuwa ko unguwa

A kasuwar Sabon Gari, tun 2018 aka fara ba shaguna wutar sola a ƙarƙashin wani shiri na hukumar samar da wuta a karkara, REA, kamfani ya kafa kaya, ɗan kasuwa ya biya kuɗin abin da ya sha. A Zawaciki ma akwai tashar sola mai megawat ɗaya da ke aiki tare da layin KEDCO. Inda irin wannan ta iso, ba ka sayen komai, ba ka gyaran komai, ba ka ajiye fetur ko batir a cikin kaya. Wanda ya tuna gobarar Sabon Gari ta 2016 ya san wannan ba ƙaramar riba ba ce. Yunit ɗinta ya fi na layi tsada, akan kuma iyakance nauyin da za ka ɗora. Ba kai ke zaɓenta ba, sai in ta zo layinku.

| Hanya | Kuɗin farawa | Kuɗin riƙo | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Janareta | Kaɗan | Mai yawa, kullum | Gwargwadon gyara | Hayaƙi, fetur |
| Solar akwati | Mafi ƙanƙanta | Biyan mako ko wata | 'Yan shekaru | Kullewa, tsadar bashi |
| Inbata babu fanel | Matsakaici | Ƙarin bil | Ya danganta da batir | Doguwar ɗaukewar wuta |
| Sola da tubula | Mai yawa | Ruwa, sauyin batir | Batir shekara 2 zuwa 4 | Zafi, sakaci |
| Sola da litiyam | Mafi yawa | Kaɗan ƙwarai | Batir ninki biyu ko uku na tubula | Jabu, mugun haɗi |
| Solar rana zalla | Matsakaici | Wanke fanel | Mai tsawo | Babu wutar dare |
| Wutar haɗaka | Kusan babu | Kuɗin yunit | A wuyan kamfani | Iyakar nauyi |

Ina tallafin gwamnati?

Ana jin manyan alƙaluma a rediyo, mutum ya zaci akwai inda zai je ya karɓi fanel. Jami'ar Bayero ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, an buɗe ta megawat 10 a Challawa a Janairun 2023, an ƙaddamar da shirin Solar Power Naija a Jangefe ta Jigawa a 2021, sannan a Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na faɗaɗa wutar sola da REA ke gudanarwa. Duk gaskiya ne, amma babu wanda ke miƙa wa magidanci kuɗi a hannu. Tallafin DARES kamfanoni ake ba, gwargwadon gidaje da shagunan da suka haɗa wa wuta, kai kuma ya iso maka ta hanyar sauƙin farashin solar akwati ko wutar haɗaka. Don haka duk saƙon WhatsApp da ya ce ka tura kuɗin rajista a ba ka solar gwamnati kyauta, goge shi.

Abin da ya fi kusa da mai gida shi ne bashi. Gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP, hukumar sauƙaƙa wa jama'a sayen kaya bashi, a 2024, kuma sayen sola na cikin abin da take tallafa wa, ta hannun bankuna da kamfanonin ba da lamuni. A Kano tambayar farko ita ce ta riba, kuma tana da amsa: bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus suna aiki da murabaha, banki ya sayi kayan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ka biya a hankali. Ka tambaye su ko za su yi maka haka a kan sola. Ko ta wace hanya ka bi, gwada biyan wata da kuɗin man da kake ƙonawa a wata. Idan biyan bai kai kuɗin man ba, kuma za ka gama kafin garantin batir ya ƙare, bashin ya yi ma'ana.

Wa ya dace da wanne

Mai ɗaki ɗaya ko ciki da falo a gidan haya, da ɗalibi, da mai shayi ko mai tireda, solar akwati da fanka mai tsimin wuta ta ishe su, kuma kada su bari a ruɗe su da maganar kVA. Mai haya a layin da wuta ke zama, inbata mai kwantirolar sola da litiyam ɗaya, ya ɗauki abinsa ranar tashi.

Mai gidan kansa da ke ƙona lita huɗu ko biyar kowane dare, cikakkiyar sola da litiyam. Kuɗin man shekara biyu ya kai ko ya kusa kuɗin kayan, kuma wannan karon fanka har asuba. Idan kuɗin bai kai ba, kada ya rage ingancin waya ko inbata. Ya canza fankoki, ya mayar da guga da famfo da injin wanki zuwa tsakar rana, ya fara da tubula biyu a ɗaki mai iska, da niyyar komawa litiyam idan sun gaji. Gidan da babu mai tunawa da ruwan batir kuwa, ko na Hajiya da 'ya'ya ke haɗa mata daga nesa, kada a fara kai tubula.

Mai sayar da ƙanƙara da lemo, da makarantar Islamiyya ko masallacin da ke son ruwan alwala, su fara da solar rana zalla, batir ya biyo baya. Ɗan kasuwar da wutar haɗaka ta iso layinsu ya karɓa, ya mayar da kuɗin fanel cikin jari. Asibitin unguwa da ɗakin gwajin jini su haɗa uku: layi, sola da litiyam, da janareta a gefe mai cikakken tanki.

Mai walda da mai injin niƙa su ne ban ce su yi gaggawa ba. Injinansu suna fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, kuma inbatar da za ta jure wannan, da fanel ɗin da za su ciyar da ita, sun fi ƙarfin rufin shago da aljihun mai shi. Su bar injin a kan dizal ko layi, su sa ɗan fanel biyu don fitila da fanka da cajin wayar yaran shago.